GYARAN JIKIN TSOHUWAR MOTA DA FESHIN FENTIN SHIMFIƊA

Jawabi domin Hakimai da Malamansu

Jawabin nan ya shafi wani al'amari wanda kusan kowace gunduma ta ke fama da shi, watau tsohuwar mota wadda injinta bai mutu ba, amma jikinta ya lalace. Da wuya a shiga ƙofar gidan Hakimi, ko harabar ofishin Ƙaramar Hukuma, ko bayan ɗakin shan magani, ba a tarar da irin wannan mota an ɗora ta bisa duwatsu ba, kaji na kwana ƙarƙashinta. Waɗansu dukiyar jama'a ce, da kuɗin haraji aka saye su. Waɗansu kuwa gado ne, iyaye suka hau, suka bar wa 'ya'ya.

Ba a nufin Hakimi ko malaminsa ya koma mai walda ko mai fenti. Abin nufi shi ne su san yadda aikin ya ke bi daki daki, domin wanda zai sa hannu a takardar biyan kuɗi ya san abin da ya ke sa wa hannu. Aikin jiki ya sha bamban da aikin inji. In makaniki ya yi ha'inci a inji, ran nan kunne zai ji. Amma ha'incin jiki fenti ke rufe shi, ba ya bayyana sai bayan damina ɗaya ko biyu, sa'ad da kuɗi sun riga sun tafi, mai aikin kuma ya ce ba ruwansa.

MOTOCIN DA A KE MAGANA A KANSU

Mafi yawan tsofaffin motocin da suka cancanci gyara a ƙasar nan iri uku ne. Akwai Peugeot, ƙirar Faransa, 404 wadda ta fito cikin 1960, da 504 wadda ta fito cikin 1968. An buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kaduna cikin 1975, aka ci gaba da yin 504 a can har bayan shekara ta 2000, shi ya sa kayan jikinta ba su yi wuyar samu ba. Akwai Volkswagen, ƙirar Jamus, mai inji a baya. Sa'an nan akwai Land Rover, ƙirar Ingila, wadda aka fara yi cikin 1948. Ita tsohuwar Land Rover jikinta na alminiyam ne, amma shasinta da bangon da ke tsakanin inji da direba na baƙin ƙarfe ne, saboda haka gyaranta yana da nasa hukunci, kamar yadda za a gani nan gaba.

Akwai kuma motar da darajarta ba ta hawa ba ce, ta tarihi ce. Motar da Janar Murtala Muhammed ya ke ciki sa'ad da aka kashe shi, ran 13 ga Fabrairu 1976, tana ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa a Ikko, da hujojin harsashi a jikinta, ba a toshe ba. Da an toshe su an fente, da an shafe shaida. Don haka in mota tana da alaƙa da wani babban al'amari na masarauta, kada a kai ta gareji sai an yi shawara da Majalisar Sarki da ma'aikatan gidan tarihi.

ABIN DA KE CIN JIKIN MOTA

Babban abokin gāban ƙarfe shi ne tsatsa, ita kuwa ba ta samuwa sai ruwa da iska sun haɗu bisa ƙarfen da ba shi da sutura. Ƙasar Arewa busasshiya ce, motocinta ba su ruɓewa da sauri kamar na bakin teku. Duk da haka akwai wuraren da danshi ke maƙalewa: laka da ta daskare a saman tayoyi, ƙarƙashin tabarmar ƙafa in robar gilashi ta tsufa tana yoyo, gindin ƙofofi in 'yan ramukan zubar ruwa sun toshe, da mazaunin batir inda ruwan batir ke ɗiga. Akori-kura da ta saba ɗaukar gishiri, ko kanwa, ko takin zamani, ko dabbobi, bayanta ke fara ci. Motocin da aka yi amfani da su a Turai kafin a kawo su nan kuwa, da yawa sukan zo da tsatsa a ƙarƙashi, domin can a kan barbaɗa gishiri bisa hanyoyi lokacin ƙanƙara. Rana kuma tana da nata rabo, ita ke ƙone fentin rufi da na murfin inji har ya tsattsage, ruwa ya sami ƙofa.

DUBAWA KAFIN A FARA

Kafin a yi cinikin kome, sai a wanke motar, a ɗaga ta, a duba shasi da inda ƙafafun mota su ke haɗe da jiki. A riƙa ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana da amo, ruɓaɓɓe kuwa muryarsa a dushe ta ke, wani lokaci ma gudumar ta burma. In shasi ya ruɓe, ko ya karkace saboda haɗari, wannan ba maganar ado ba ce, maganar rayuka ce, kuma sau da yawa barin motar ya fi gyaranta alheri.

Sa'an nan a ɗauki ɗan maganaɗisu a bi jikin da shi. Inda ya kama, ƙarfe na kusa. Inda ya ƙi kamawa, an taɓa cike wurin da abin toshiya mai kauri. Wannan gwaji ba ya aiki a jikin Land Rover, domin maganaɗisu ba ya kama alminiyam. Malamin Hakimi ya rubuta duk abin da aka gani, ya kwafi lambar shasi da lambar inji, ya ɗauki hoton kowane gefe, tun kafin a kwance ko kusa ɗaya.

KANKARA, YANKA DA BUGU

Magina sun san yaɓe ba ya zama bisa bangon da ke zuba, sai an kankare har an kai ƙasa mai ƙarfi. Haka nan jikin mota. A kan cire fitilu, da bamba, da mariƙan ƙofa, da robobi, sa'an nan a kankare tsohon fenti da samfefa mai kaushi, lamba 80, har ƙarfe ya fito fari a duk inda akwai tsatsa ko tsaga. Ita samfefa, gwargwadon ƙanƙantar lambarta gwargwadon kaushinta.

Tsatsar da ke sama sama a kan goge ta, a shafa maganin tsatsa mai asid domin ya kashe wadda ta maƙale cikin 'yan ramuka, a tsabtace yadda takardar maganin ta ce. Amma inda ƙarfe ya huje, magani ɗaya ne, a yanke ruɓaɓɓen har a kai lafiyayye, a yanko sabon falle mai kauri daidai da na asali, a yi walda. Gwanin walda ba ya jan wuta a miƙe, domin zafi yana karkata falle. Ɗigo ɗigo ya ke yi, nan da can, yana barin wuri ya huce. Bayan walda lalle ne a shafe bayan fallen ma da maganin hana tsatsa, gama ta ciki ta kan komo.

Inda jiki ya loɓa, da guduma da 'yar maƙerar hannu a ke tayar da shi, maƙerar a ciki, gudumar a waje, a fara daga gefen loɓawar a nufi tsakiya. In falle ya miƙe ya yi tozo, a kan ɗan gasa wurin, a bubbuga, a sanyaya, sai ya tsuke. Alminiyam kuwa yana da tsautsayi, yakan taurare in an cika bugu har ya tsage, kuma yana narkewa ba tare da ya yi ja ya ba da sanarwa ba. Kada a ba da shi sai ga wanda ya saba da shi.

ABIN TOSHIYA, WATAU FILA

A zamanin da, da narkakkiyar dalma a ke cike 'yan ramukan da guduma ta bari. Daga wajen shekarun 1950 aka sami fila, wani abu mai kama da ƙullu, wanda a ke cuɗawa da ɗan maganin sandarewa, kamar kashi 2 cikin 100. In an cuɗa, cikin minti 4 ko 5 ya fara kamewa, bayan kamar minti 20 zuwa 30 a iya gogewa. In maganin ya yi yawa yakan ɓata launin fenti daga baya, in ya yi kaɗan filar ba ta sandarewa sosai.

A nan ne mafi yawan ha'inci ya ke. An yi fila domin ta daidaita abin da guduma ta kusa gamawa, kaurinta kada ya wuce kamar milimita 3. Malalacin ma'aikaci kuwa yakan bar loɓawa yadda ta ke, ya cika ta da fila kamar mai yaɓen rumbu, wani ma ya cusa kwali ko ragar waya cikin huji ya shafe. Ran da aka karɓi mota sai a ga ta yi sumul. Amma fila tana shan ruwa, ba ta kuma jure girgizar hanyar karkara in ta yi kauri. Ba a daɗe sai ta kumbura, ta tsage, ta faɗo da fentin gaba ɗaya. Saboda shan ruwan nan ne ba a goge fila da jiƙaƙƙiyar samfefa. A bushe a ke goge ta, da lamba 80, sa'an nan 180, an naɗe samfefar a jikin shafaffen katako, domin tafin hannu yana bin kwari da tudu, katako kuwa ba ya bi.

FENTIN SHIMFIƊA

Fentin shimfiɗa, wanda masu sana'ar ke kira furaima, shi ne suturar farko bisa ƙarfe. Aikinsa uku ne, ya kama ƙarfe, ya tsare shi daga ruwa, ya kuma ba fentin sama wurin zama mai laushi. Shi ma iri uku ne, kowane da inda ya fi ƙarfi.

Na ɗaya mai asid ne, wanda ke ɗan cin fuskar ƙarfe domin ya riƙe. Siriri a ke fesa shi, kuma yana da amfani ƙwarai bisa alminiyam, inda fenti ba ya son zama. Ba a ɗora fila a kansa. Na biyu shi ne ifoksi, gwangwani biyu a ke haɗawa, shi ya fi duka tsare ruwa, shi ya fi dacewa da motar da aka kankare dukanta. Na uku mai kauri ne, wanda ke cike sawun samfefa, a kan haɗa shi da maganin sandarewa, sau da yawa awo 4 da awo 1. Shi wannan na uku ba a dogara gare shi wajen tsare ruwa, saboda haka kuskure ne babba a bar mota da shi kaɗai ta kwana a waje har damina ta wuce, kamar yadda a kan ga motoci masu launin toka suna yawo wata da watanni. Awon kowane fenti yana rubuce a jikin gwangwaninsa, a bi shi da kofin awo, kada a bi ido. Kada kuma a gauraya kayan kamfani biyu.

YADDA A KE FESHI

Motocin farko da buroshi a ke fente su, shafi bisa shafi, a yi makonni ana jiran bushewa. Bindigar feshi ta samo asali ne daga abin fesa magani a maƙogwaro na wani likita, Allen DeVilbiss, a garin Toledo ta Amurka, ɗansa Thomas ya mai da ita ta fenti cikin 1907. Sa'an nan kamfanin DuPont ya fito da fentin Duco mai saurin bushewa, wanda aka fara gani a motar Oakland ta 1924. Tun daga nan feshi ya kori buroshi.

Kafin feshi sai a rufe gilasai da tayoyi da takarda da tef, a goge jikin da maganin cire maiƙo, kada kuma a sake taɓa shi da hannu. A tace fentin. Bakin bindigar shimfiɗa mai kauri ya fi na fentin sama faɗi, kamar milimita 1.8, na fentin sama kuwa kamar 1.3 ko 1.4. Ƙarfin iska a gindin irin bindigogin yanzu wajen ba 2 ne. A fara gwadawa bisa kwali, a ga feshin ya fita kamar tsayayyen ƙwai, ba gefe ɗaya ya fi nauyi ba.

Mai feshi ya riƙe bindigar nesa da jiki kamar taƙi ɗaya, watau inci 6 zuwa 8, bakinta na kallon fallen sosai. Da kafaɗa da ƙafa ya ke tafiya, ba ya lanƙwasa wuyan hannu, gama in ya lanƙwasa, tsakiya za ta yi kauri, gefe ya yi ƙura. Ya danna kunamar kafin ya iso bakin falle, ya sake ta bayan ya wuce. Kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. A kan yi shafi 2 ko 3, ana barin minti 5 zuwa 10 tsakaninsu, har sheƙin danshi ya ɗauke. Wanda ya yi gaggawa ya ɗora shafi bisa ɗanye ya kulle tina a ciki, daga baya fentin ya motse, sawun samfefa ya fito.

In shimfiɗa ta bushe sarai, sai a yi mata ɗan yayyafin baƙin fenti, a bi da katako da samfefa lamba 320. Inda baƙin ya rage, akwai kwari. Inda ƙarfe ya leƙo, akwai tudu. A gyara, a sake fesawa, a sake gogewa, a ƙare da lamba 400 zuwa 600. Wannan wahala ita ce ke raba gwani da ɗan koyo, domin fentin sama ba ya ɓoye aibi, ƙara tona shi ya ke yi.

Aibin feshi sananne ne, kowa na iya ganewa. In fenti ya zubo kamar hawaye, bindiga ta matso ainun ko hannu ya yi nawa. In ya yi gurje gurje kamar ɓawon lemo, fentin ya yi kauri ko iska ta kasa. In ya yi gari gari kamar yashi, bindiga ta yi nisa ko zafi ya busar da shi tun yana hanya. In kuwa ya yi 'yan ramuka zagayayyu kamar idon kifi, akwai maiƙo a jikin ko a cikin iskar.

LOKACI DA WURI

Masu yin fenti sun auna shi ne bisa zafin da ke wajen digiri 20 zuwa 25. A nan kuwa da bazara zafi yakan wuce 40. Don haka sai a nemi tina mai jinkirin bushewa, a yi feshi da sassafe, a inuwa, kada a fesa bisa ƙarfen da rana ta gasa. Da hunturu ƙura ce abokiyar gāba, sai a rufe rumfa, a yayyafa wa ƙasa ruwa. Da damina kuma ruwa kan taru cikin tankin injin iska, ya biyo tiyo ya shiga fenti, ya zama ƙuraje bayan 'yan watanni. Lalle ne a zubar da ruwan tankin kowace safiya, a sa matatar ruwa kusa da bindiga.

LAFIYAR MA'AIKATA DA MAƘWABTA

Wannan shi ne sashen da ya fi shafar Hakimi, tun da ya ke shi ne uban ƙasa. Maganin sandarewa na fentin zamani yana ɗauke da wani sinadari mai suna aisosayanet, wanda ke jawo ciwon fuka, kuma wanda ya kamu, ko kaɗan ya sake shaƙa sai ciwon ya tashi. Ɗaure hanci da hankici ba ya tsare kome. Abin da ya fi tsaro shi ne abin rufe fuska wanda a ke turo wa tsabtatacciyar iska ta tiyo. Shan madara bayan aiki, wanda masu fenti da yawa suka dogara gare shi, ba ya wanke huhu, gama madara ciki ta ke zuwa.

Tsohon fenti da tsohuwar toshiya kuma sau da yawa akwai dalma a cikinsu, ƙurarsu guba ce, musamman ga yara. Abin da ya faru a Jihar Zamfara cikin 2010, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400, ya isa wa'azi. Kada a bar ƙananan yara su yi aikin gogewa, kada ma'aikaci ya shiga cikin iyali da tufafin aiki, kada a wanke hannu da tina. Tina da fetur wuta ne, a cire batir, a kuma kawar da tankin mai kafin a yi walda kusa da shi. Ya kamata Hakimi, tare da Ƙaramar Hukuma da shugabannin masu sana'ar, su ga ba a kafa rumfar feshi kusa da makaranta, ko rijiya, ko masu sayar da abinci ba.

AIKIN MALAMIN HAKIMI

A rubuta yarjejeniya tun farko, da shaidu, a ambaci wuraren da za a yanke, da irin shimfiɗar da za a fesa, da launi, da ranar gamawa. Kada a biya kuɗi duka gaba ɗaya. A raba shi kashi uku, kowane kashi sai bayan malami ya je ya gani da idonsa. Zuwa na fari, sa'ad da aka gama walda da bugu, ƙarfe na tsirara. Zuwa na biyu, bayan fila, kafin shimfiɗa ta rufe. Zuwa na uku, bayan an goge shimfiɗa, kafin fentin sama. Kowane zuwa a ɗauki hoto, a rubuta kwanan wata a littafi. Ma'aikacin kirki ba ya ƙin a duba aikinsa, wanda ya yi sauri ya rufe kafin a zo shi ne abin tuhuma.

Har wa yau, kada a yarda a goge lambar shasi ko a binne ta da fila. In an sauya launin mota, a je ofishin lasin a gyara takardunta. In masu aiki biyu sun faɗi kuɗi, na ɗaya ya yi rabin na ɗaya, a tambaye shi abin da zai bari bai yi ba, gama araha ba ta ado. Kuma kada a kai mota gyara ana saura mako guda hawan Salla a ce lalle ta fito, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Motar da aka bi wa waɗannan ƙa'idodi, aka riƙa wanke ƙarƙashinta bayan tafiyar laka, aka ajiye ta a inuwa, za ta ƙara shekaru masu yawa tana kai marasa lafiya asibiti, tana kai Hakimi rangadi. Ana roƙon Hakimai, Allah ya ja zamaninsu, su sa a karanta wa dagatai da shugabannin masu gyaran mota wannan jawabi. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka cikin sana'a, amin.